Idan kwamfutarka tana daskarewa: yadda za ka gane ko direba ne ko kayan ciki

Kwamfutar tebur da ke daskarewa ana tsakar aiki kusan kullum tana barin shaida. Abin da ya fi damuna a sana'ar gyara shi ne yadda ake goge shaidar tun kafin a karanta ta. Da zarar ta fara maƙalewa sai a ce a yi mata fomatin, a zubar da Windows a ɗora sabuwa. Wani lokaci hakan kan yi magani. Amma idan faifan ajiya ne ke mutuwa, ko RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ce ke da lahani, ba za a jima ba matsalar za ta dawo, ga shi kuma tarihin da zai nuna hanya ya tafi. Abin da zan bayyana ya shafi Windows 10 da Windows 11, kuma yawancinsa ba ya buƙatar ka sayi komai.

Abin yi a daidai lokacin da ta daskare

Kada hannunka ya yi saurin zuwa maɓallin wuta. Fara danna Caps Lock ka dubi 'yar fitilarsa a kan kibod. Idan tana kunnuwa tana mutuwa, Windows na nan da ranta, wani ɓangare ne kawai ya tsaya. Daga nan ka haɗa maɓallai huɗu: Windows, Ctrl, Shift da B. Wannan yana sa a sake tayar da direban hoto, wato ƙaramar manhajar da ke isar da magana tsakanin Windows da katin hoto, ba tare da an kashe kwamfutar ba. Za ka ji ƙara sau ɗaya, allon ya ƙifta. In komai ya dawo bayan haka, ka riga ka san inda za ka fara nema. In bai dawo ba, gwada Ctrl, Shift da Esc don buɗe Task Manager, ka ga ko wata manhaja ce ta cinye RAM ko ta danne faifai a kan kashi 100. Ka ba ta minti biyu zuwa uku. Sai duk wannan ya ƙi sannan ka danne maɓallin wuta har ta mutu.

A cikin waɗannan mintuna ka lura da irin daskarewar, domin ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda kibiyar linzami ke motsi amma duk abin da ka danna ba ya amsawa, fitilar faifai a gaban akwatin tana kunne ba ta ƙiftawa, can bayan wani lokaci komai ya saki lokaci guda. Wannan yawanci faifan ajiya ne ko wayarsa. Akwai wadda komai ke sandarewa, har sautin da ke tashi ya koma wani ƙugi mai maimaita kansa. A nan zargina kan tafi ga direba, ko RAM, ko wutar da ke shiga. Akwai kuma wadda allon ke yin baƙi na 'yan daƙiƙai ya dawo, wannan aikin direban hoto ne ko katin hoton kansa. Wadda kuwa ke mutuwa ɗif kamar an zare filogi, musamman ana wasa ko ana haɗa bidiyo, zafi ne ko akwatin wuta, wato na'urar da ke rarraba wa kayan ciki wuta, da wuya a ce manhaja ce.

Ka samu takarda ka rubuta lokacin, da abin da kake yi, da abin da ke jone a jikinta. Ina nufin takarda ta gaske, domin ita ba ta daskarewa tare da kwamfutar. Bayan an yi sau uku ko huɗu za ka fara ganin abin da ke maimaituwa: kullum bayan ta farka daga barci, ko kullum idan an buɗe kyamara, ko kullum idan an jona wata na'ura ta USB. Ka kuma tambayi kanka abin da ya canja kafin matsalar ta fara. Sabuntawar Windows, sabuwar firinta, ƙarin RAM, sabuwar manhajar kariya, har ma da matsar da akwatin daga wani wuri zuwa wani.

Karanta abin da Windows ta rubuta

Danna Windows da R, ka rubuta perfmon /rel. Abin da zai buɗe shi ne Reliability Monitor, kuma a ganina shi ne kayan aikin da aka fi yi wa rashin adalci a cikin Windows, don mutane kaɗan ne suka san da shi. Yana jera kwanaki, duk ranar da wani abu ya faɗi akwai jan da'ira, a ƙasa kuma ga jerin direbobi da sabuntawar da suka shiga a ranar. Sau da yawa za ka ga direba ya shiga yau, jajayen alamu sun fara gobe. Idan haka ne, rabin aikin ya ƙare.

In kana son ƙarin bayani, rubuta eventvwr.msc don buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka je daidai lokacin da ka rubuta a takarda. Za ka tarar da kurakurai da gargaɗi masu yawa, har a kwamfuta mai lafiya, saboda haka kada su firgita ka. Abin da ya faru a mintunan da suka gabaci daskarewar shi ne abin dubawa. Wanda zai fara ɗaukar hankalinka shi ne Kernel-Power mai lamba 41, kuma mutane da yawa suna ɓata lokaci a kansa. Ba dalili yake faɗa ba. Yana cewa ne kawai kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, wato abin da kai ma ka sani tun da kai ka danne maɓallin. Haka lamba 6008. Waɗanda ke da magana su ne waɗannan: Display mai lamba 4101, da ke cewa direban hoto ya daina amsawa an farfaɗo da shi, Disk mai lamba 7 ko 153, da storahci mai lamba 129, waɗanda ke nuna faifai ya ƙi amsa kira a kan lokaci ko an ci karo da gurbi marar kyau, sai WHEA-Logger, wanda ke ɗauke da ƙorafin da kayan cikin suka kai da kansu.

Ita lamba 4101 tana da tarihi. Tun daga Windows Vista aka tsara cewa idan katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows za ta sake tayar da direbansa maimakon ta bar kwamfutar a sandare. Shi ne baƙin allon nan na ɗan lokaci. Idan farfaɗowar ta gaza, sai shuɗin allo ya fito da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE.

Shuɗin allo, wanda a sababbin sigogin Windows 11 ya koma baƙi, ya fi daskarewa sauƙin bincike, domin yana barin fayil a C:\Windows\Minidump. Ƙaramar manhajar BlueScreenView tana karanta shi, haka WinDbg ta Microsoft idan ka ba ta umarnin !analyze -v. Sunan fayil ɗin da aka zarga shi ke gaya maka mai shi: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, atikmdag.sys da amdkmdag.sys na AMD, igdkmd64.sys na hoton Intel, waɗanda suka fara da Netwtw kuma na Wi-Fi ɗin Intel. Idan ntoskrnl.exe ka gani, kada ka yanke hukunci. Wannan ita ce zuciyar Windows, a kanta faɗuwar ta ƙare, amma ba lallai daga gare ta ta fara ba. Idan kuma yau an zargi wannan fayil, gobe wancan, jibi wani daban, ka daina bin direbobi ka je ka gwada RAM.

Direbobi

Direba ƙaramar manhaja ce da ke isar da magana tsakanin Windows da wata na'ura, kamar katin hoto, katin sauti, ko Wi-Fi. Yawancinsu suna aiki ne a can cikin zuciyar tsarin, inda babu shinge tsakaninsu da ƙwaƙwalwar Windows. Manhajar rubutu in ta faɗi ita kaɗai ta faɗi, amma direba in ya yi kuskure yana iya jan komai ƙasa. An ga haka a ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wani fayil ɗin sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ya sa direbansa faɗuwa. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, har jirage suka kasa tashi a filaye da dama. Maganin da aka bayar a lokacin shi ne a shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da ba makawa sai da su kaɗai, a goge fayil ɗin, kuma ita ce hanyar da kai ma za ka bi a gida.

Ga yadda ake shiga: riƙe Shift ka danna Restart, ka zaɓi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4, ko 5 in kana buƙatar intanet. Idan kwamfutar ba ta ma kai ka ga shiga ba, kashe ta da maɓallin wuta tana tsakar tashi sau biyu ko uku a jere, za ta kai ka wannan shafin da kanta. Amma ka tabbata lambar BitLocker mai alƙaluma 48, wadda ake buɗe faifan da Windows ta kulle da ita, tana hannunka idan faifan a kulle yake, domin ana iya tambayar ka ita. A Safe Mode direbobin da ba makawa sai da su kaɗai ke tashi. Yi aiki a ciki na tsawon lokacin da ta saba daskarewa. In ta zauna lafiya, zargi ya koma kan direba ko wata manhaja da ke tashi da Windows. In ta daskare a nan ma, kayan ciki ne mafi kusa.

Buɗe Device Manager da devmgmt.msc. Na'urar da ke da matsala takan fito da alamar ruwan ɗorawa. Danna ta sau biyu ka karanta lambar: Code 28 na nufin ba a saka mata direba ba, Code 10 ta kasa tashi, Code 43 kuma Windows ce ta dakatar da ita saboda ta kai ƙorafi. Rashin alamar ba ya wanke kowa, domin direban da ke daskarar da kwamfuta yana iya bayyana kamar lafiyayye. A shafin Driver akwai Roll Back Driver, wanda ke mayar da kai ga wanda ke nan kafin na yanzu. Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, wannan za ka fara gwadawa kafin ka nemi wani sabo. Akwai abu guda da ke ruɗa mutane a wannan shafin: za ka ga wasu direbobi ɗauke da kwanan wata 21 ga Yuni, 2006. Ba tsofaffi ba ne. Da gangan Microsoft ke sa wa direbobinta na gama-gari wannan kwanan, don kada su ture wanda kamfanin na'urar ya yi.

Idan na'ura ta fito ba suna, shiga Details ka zaɓi Hardware Ids. Alƙaluman da ke bayan VEN su ne shaidar kamfani: 10DE na Nvidia, 1002 na AMD, 8086 na Intel, 10EC na Realtek. Da wannan za ka nemi direban a shafin mai shi. Kwamfutar kamfani irin su Dell, HP ko Lenovo, ka je shafinsu ka sa lambar samfurinta. Wadda aka harhaɗa, ka je shafin kamfanin madabod ɗin, wato babban allon da duk kayan ciki ke jone a kansa, ka fara da direban chipset, wanda na madabod ɗin ne kansa. Manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya kuwa, ina roƙon ka ka nisance su. Suna canja abubuwa da yawa a lokaci guda, wani lokaci su ɗora direban da ba na na'urarka ba, kuma in matsala ta biyo baya ba ka da hanyar sanin wanne ne. Direban da ke aiki lafiya, a bar kaza cikin gashinta.

Direban hoto yana da nasa tsarin, domin ɗora sabo a kan tsoho ba ya share ragowar da ta lalace. Sauke sabon tukuna ka ajiye, ka sauke Display Driver Uninstaller, wanda aka fi sani da DDU. Cire wayar intanet ko ka kashe Wi-Fi, in ba haka ba Windows Update za ta riga ka ɗora nata. Shiga Safe Mode, ka sa DDU ya share tsohon, kwamfutar ta tashi, ka ɗora wanda ka ajiye, sannan ka mayar da intanet. Idan sabon bai yi ba, gwada wanda ya girme shi da 'yan watanni, kamfanonin suna ajiye tsofaffin a shafukansu. In tsoho da sabo duka suna faɗuwa iri ɗaya, katin ne ko wutar da ke isa gare shi.

Akwai wani saiti da ke ɓoye matsalar direba, wato Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8. Idan yana kunne, Shut down ba ya kashe komai gaba ɗaya: Windows na adana halin da zuciyarta da direbobi suke ciki a faifai, ta ɗauko shi idan an kunna. Direban da ya rikice jiya zai tashi a rikice yau. Restart ne ke sake komai daga farko. Duba Up time a shafin Performance na Task Manager, kana iya ganin kwanaki da yawa alhali kullum kana kashe ta. Yayin bincike ka kashe shi daga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do. Ga kwamfutar da ke daskarewa bayan barci ko idan an bar ta ba aiki, ka kuma kashe Link State Power Management da USB selective suspend a saitin wuta, ka ga ko za a samu canji.

Idan Safe Mode lafiya amma ba ka gano mai laifi ba, buɗe msconfig, shafin Services, ka sa alama a Hide all Microsoft services, ka danna Disable all, ka kuma kashe abubuwan Startup a Task Manager. In daskarewar ta tsaya, ka riƙa mayar da su rabi-rabi har ka kama shi. Waɗanda na fi kamawa ta wannan hanyar su ne manhajar kariya ta biyu da aka ɗora a kan wata, manhajojin VPN, da masu sarrafa fitilu da fankokin akwati, don dukansu suna shigo da nasu direban. Fayilolin Windows kuma ana duba su da umarni biyu a Command Prompt mai izinin shugaba: DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sannan sfc /scannow.

Duk abin da za ka yi, canji ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta shi, ka yi aiki da kwamfutar ka gani. Wannan yana cin lokaci, na sani, amma wanda ya canja abu biyar a dare ɗaya ko ta warke bai san maganin ba, in ta dawo kuma zai fara daga farko.

Lokacin da ba direba ba ne

An taɓa kawo mini wata kwamfuta da aka yi wa fomatin har sau biyu, an canja direban hoto, an cire manhajar kariya, tana nan tana tsayawa na kusan rabin minti ta saki. Kibiya na motsi, fitilar faifai a kunne ɗif. A Event Viewer lamba 129 da 153 ne jere a daidai lokutan. Da na buɗe akwatin, wayar SATA, wadda ke haɗa faifai da madabod, a lanƙwashe take sosai a bakin faifan, murfin gefe yana danne ta, kan filogin kuma ya tsage har yana rawa idan an taɓa shi da yatsa. Na sa wata wayar, na canja mata rami a madabod, daskarewar ta tsaya.

Don haka ka duba lafiyar faifai da CrystalDiskInfo. Idan ya nuna Caution, musamman a layukan 05, C5 ko C6, waɗanda ke ƙirga gurabun da suka lalace ko ake shakkarsu, ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri nan take, kafin chkdsk, wato umarnin Windows na binciken faifai, kafin komai. Dogon bincike yana wahalar da faifan da ke gab da mutuwa, yana iya ƙarasa shi.

RAM ana gwada ta da mdsched.exe da ke cikin Windows, amma MemTest86 da ake tayarwa daga filashi ya fi tsanani. Bar shi ya kwana yana aiki. Kuskure ko ɗaya ne ya isa. In akwai sanduna biyu, gwada su ɗaya-ɗaya, ka kuma kashe XMP ko EXPO a BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, domin wannan saitin yana tura RAM sama da gudunta na asali, kuma ba kowace madabod ke ɗauka ba. Kafin ka taɓa komai a ciki, zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin.

Zafi kuma HWiNFO zai nuna maka. Furosesa da ke kaiwa digiri 95 zuwa 100 ana aiki ta kai iyakarta, za ta rage gudu ko ta kashe kanta. Cire murfin ka haska tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashinta: ƙura kan taru a nan ta yi kauri har iska ta kasa wucewa, ko da fankar na juyawa. Hure ta, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, in man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe a sa sabo. Akwatin wuta shi ne mafi wuyar kamawa, don ba ya rubuta komai a tarihi sai lamba 41 ita kaɗai. Hanyar da na amince da ita ita ce a sa wani da aka san lafiyarsa a gwada. Kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi.

Gwaji na ƙarshe kafin fomatin shi ne ka ɗora Linux, misali Ubuntu, a filashi, ka tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da ka saka shi a faifai ba, ka yi aiki na wasu awanni. Direbobinsa daban ne da na Windows gaba ɗaya. In ta daskare a can ma, sake Windows ba zai amfane ka ba, kayan ciki za ka bi. In ta zauna lafiya, faifai da RAM sun ci gwajinsu, Safe Mode da msconfig kuma ba su nuna kowa ba, to yanzu fomatin yana da hujja. Kwashe fayilolinka, ka ɗora Windows, ka saka direban chipset, sai na hoto, sai na intanet, kana yin aiki da ita tsakanin kowane ɗaya da na gaba, sannan manhajojinka su biyo baya ɗaya bayan ɗaya.